Kyamara ɗaya, suna uku: yadda harafi guda ya so cinye adashin ɗan ƙanwata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya shafi sana'armu ta ɗaukar hoto. Na san ba shi ne ya fi damun jama'a a yanzu ba, ga tsadar abinci ga ta mai. Amma kuɗin yaran mutane ne ke salwanta a ciki, kuma abin da ya faru a shagona kwanakin baya shi ya hana ni yin shiru.

Na shiga wannan sana'a tun 1994, a wani ɗan shagon hoto a Tudun Wada, zamanin da ake loda fim mai cin hoto 36, a kai wanki, a zauna jiran abin da Allah zai fitar. Yanzu ina da nawa shagon, da yara uku masu koyon aiki a hannuna. Babbansu ɗan ƙanwata ne. Shekara biyu ya yi yana tara kuɗi, daga ɗan abin da nake sallamarsa da shi in mun dawo daga biki, da wani adashi da uwarsa ta shigar da shi, don ya mallaki kyamarar kansa. Da ya tambaye ni wacce zai saya, na ce ya nemi Canon 600D ta hannu mai lafiya. Tsohuwa ce, tun 2011 ta fito, amma tana da allon da ake juyawa, tana da ramin makirufo, ga batirinta da cajarta ba sa wuyar samu. Na ce ya bari ranar Asabar mu je tare. Yaro da ɗoki, bai jira ba.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga shi ya faɗo shago rungume da jaka, baki har kunne. "Kawu, na samo! 'Yar Amurka ce ma." Na karɓa na juya ta. A goshinta an rubuta Rebel T3. Na sa farce in ɗago allon, allo a manne yake. Na buɗe robar gefe, babu ramin makirufo. Na ce, "Kai, wa ya ce maka wannan ce 600D?" Ya ce mai shagon ne ya gaya masa a Amurka ba a ce mata 600D, Rebel T3 ake ce mata.

To, Malam Edita, mai shagon ya kusa gaskiya, saura harafi ɗaya. Sunan 600D a Amurka Rebel T3i ne, da ƙaramin i a ƙarshe. Wadda ba ta da i ɗin, wato T3 zalla, ita ce 1100D, wata kyamara ce daban mai rahusa da ta fito a shekarar tare da ita. 600D megafiksil 18 gare ta, 1100D kuwa 12. Waccan tana ɗaukar bidiyo mai layi 1080, wannan a 720 ta tsaya. Wanda hoton fasfo kawai zai riƙa yi, 1100D ta ishe shi har da ragi. Amma yaron da ke son bin bukukuwa yana ɗaukar bidiyon kamu da walima, yana so a ji muryar mai wa'azi tas, an sayar masa da jaki a kuɗin doki.

Bari in warware yadda abin yake, don na lura har cikin waɗanda suka daɗe a sana'ar akwai masu ruɗewa. Kamfanin Canon, na ƙasar Japan, ya shekara da shekaru yana raɗa wa ƙananan kyamarorinsa suna uku. A Amurka da Kanada sunansu Rebel. A Japan sunansu Kiss. A Turai da nan Afirka da mafi yawan sauran duniya kuwa lamba ce da harafin D. Kamar dai Abubakar ne: a gida Habu, abokai su ce Garba, in ya je Adamawa ya zama Buba, a Borno Bukar, mutumin kuwa bai canza ba. 550D ita ce T2i ita ce Kiss X4. 600D ita ce T3i ita ce Kiss X5. 700D ita ce T5i ita ce Kiss X7i. Wata ma suna huɗu gare ta: 2000D da ta fito a 2018, a Amurka T7, a Japan Kiss X90, a wasu ƙasashen Asiya 1500D. Manyan yayyensu irin su 5D da 6D da 7D da 80D su ba su da wannan rigimar, suna ɗaya suke amsawa ko'ina.

Tarkon yana wurin i ɗin nan, kuma ba sau ɗaya ya maimaitu ba. T5 ita ce 1200D, T5i kuwa 700D. T6 ita ce 1300D, T6i kuwa 750D. T7 2000D ce, T7i 800D. Kowane lokaci mai i ɗin ita ce babba, maras i ita ce ta masu fara koyo. Sannan ga wani tarkon a lambobin Turai ɗin ma: yaro ya ga 4000D, a ransa ta ninka 600D sau shida da ɗoriya, alhali a tsarin kamfanin duk yadda lambar ta yi tsawo haka darajar take sauka. Mai lamba ɗaya ita ce sarauniya, mai lamba huɗu ita ce 'yar aike.

Ba'amurke bai taɓa shiga wannan ruɗani ba, don a kantinsa Rebel kawai zai gani. Bajapane ma haka. Mu ne a nan Kaduna muke zaune a mahaɗar ruwa. Sabuwar da ta zo ta hannun dilolin kamfani da D take zuwa, domin Najeriya tana ƙarƙashin reshen da ke kula da Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Amma mu nawa ne ke iya sayen sabuwa dal a kwali? Yawancinmu ta hannu muke saye, wadda ta biyo ta Legas ko Kano ko Dubai, ko wadda wani ɗan'uwa ya riƙo a jaka daga waje. Sai ka tarar da duk sunayen uku jere a gilashi ɗaya, kowacce da kuɗinta daban, alhali Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Kuma mun ƙara wa abin namu camfin. Wai 'yar Amurka ta fi ƙarko. Wai mai D ita ce orijina. Kiss kuwa, Allah sarki, ita aka mayar saniyar ware, wasu har jabu suke ce mata, wai 'yan China ne suka kwaikwaya. Na taɓa jin wani yaro a wajen wani ɗaurin aure a Unguwar Sarki yana rantsuwa wai Kiss ta fi haska fatar amarya, don an yi ta ne saboda farar fata. Babu wannan magana. Kayan ciki ɗaya ne, manhajar da kamfanin ke saki don sabunta su ma guda ce, a shafinsa sunayen a haɗe suke. Wanda ke shakka ya kifa kyamarar ya duba takardar da ke manne a ƙasanta, akwai lamba mai farawa da DS. Ta 600D da T3i da Kiss X5 duka DS126311 ce.

Dalilin raba sunan ciniki ne kawai. Na farko talla. Rebel na nufin ɗan tawaye, kuma a 1990 da aka fito da sunan, ɗan wasan tanis ɗin nan Andre Agassi, mai dogon gashi a lokacin, shi aka sa a gaba yana tallarta ga samarin Amurka. Kiss kuwa, ka gafarce ni, sumba ke nan, an fito da sunan a Japan a 1993 ana neman iyaye mata masu son ɗaukar hoton 'ya'yansu. Na biyu kuma shinge ne. Kuɗin kaya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, garanti ma na yanki ne, to in sunan ya bambanta, da ganin goshin kyamara an san ta inda ta fito. Mu masu sayen ta hannu, garantin ya mutu tun kafin ta hau jirgi, don haka shingen bai tsare mana komai ba sai ruɗu.

Ba yau aka fara ba, kuma ba kamfani ɗaya ba ne. Ina tuna wata gardama da aka tafka tsakanin maigidana, Allah ya jiƙansa, da wani abokin sana'arsa, ranar wata sallah a Gamji, muna jiran masu zuwa ɗaukar hoto da sababbin kaya. Shi yana riƙe da Minolta Dynax 7000i, abokin yana da Maxxum 7000i, kowa na cewa tasa ce ta gaske. Sai da aka cire lensin wannan aka ɗaura wa waccan ya zauna daram, sannan aka yi dariya aka sayi rake. Dynax sunan Turai ne, Maxxum na Amurka, a Japan kuma Alpha ake ce musu, sunan da Sony ya gada a 2006 lokacin da ya karɓi harkar kyamarar Konica Minolta. Nikon ma haka ya yi a zamanin fim: F90 a Amurka N90 ce, F80 kuma N80. Dattawanmu ma sun san irin wannan, rediyo da fankar National da suka cika gidajen Kaduna ai kamfani ɗaya ne da Panasonic. Abin daɗi, sababbin Canon marasa madubi irin su R10 da R50 suna ɗaya aka ba su a duk duniya. Sai dai kafin su sauko inda aljihun yaranmu zai kai, tsofaffin nan za su daɗe suna yawo a kasuwa.

Kada a ɗauka ina cewa kasuwar da aka yi wa kyamara ba ta da tasiri sam. Tana da shi, sai dai ba a inda muke dubawa ba. Na farko, harshen da ke cikin kyamarar. Kiss tana zuwa da Japananci da Turanci, an tsira. Amma kyamarorin Sony da Panasonic da aka yi wa cikin gidan Japan, da yawansu Japananci ne kaɗai a cikinsu, babu inda za ka taɓa su koma Turanci. In ka ga irinsu da arha mai ban mamaki, kunna ka shiga saiti kafin ka taya.

Sai maganar wuta, wadda ta fi cin yaranmu. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kyamarar da ta fito daga can tana zuwa a saitin NTSC, wato tsarin bidiyon Amurka, tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Ka shiga da ita ɗakin taro mai dogayen fitilu, ka dawo gida ka ga layuka suna hawa suna sauka a fuskar ango, ka ce kyamara ta lalace, ka kai wa mai gyara ya karɓi kuɗinka a banza. Lafiyarta ƙalau. Ka shiga sashen da ke da alamar sifana ka mayar da ita PAL, tsarin bidiyon da muke amfani da shi a nan, ta koma 25, shi ke nan. A zamanin kaset abin ya fi haka muni, don na'urar bidiyon ba ta canzuwa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke neman Sony mai harafin E a ƙarshen lambarta, alamar PAL ce. Wanda ya yi kuskure ya ɗauki biki da ta Amurka, kaset ɗin ya fito baƙi da fari a talabijin ɗin gidan amarya, ranar sai ya nemi wurin ɓuya. Caja kuwa ba abin tsoro ba ce, ta waɗannan kyamarori tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, bakin ne kawai zai nemi adafta. Akwai kuma tsayawar da bidiyo ke yi a minti 29 da daƙiƙa 59, wanda masu ɗaukar tafsiri da azumi suka sani sarai. Asalinsa harajin kwastan na Tarayyar Turai ne, inda a da na'urar da ta kai minti 30 ake lissafa ta a kyamarar bidiyo a ɗora mata ƙarin kuɗi. Panasonic GH4 ta Turai tana tsayawa a nan, ta Amurka ba ta tsayawa. Ka ga a wannan kam 'yar Amurka ta yi gaba da gaske.

Yanzu launi. A nan Kaduna in kyamara ba baƙa ba ce, ba a ɗauke ka mai hoto ba. Na ɗanɗana da kaina. Kyamarar dijital ta farko da na mallaka 350D ce mai ruwan azurfa. Na je da ita wani biki a Malali, babban abokin ango ya dube ta ya dube ni ya ce, "Malam, babbar tana mota ne?" Hotunan da ta ɗauka ranar har yau suna rataye a falon mutanen, amma na koyi darasi, da na tashi canzawa baƙa na nema. Wani abokin aikina da ya sayi jar Nikon D3200, ƙawayen amarya suka sa masa suna mai kyamarar 'yan mata, sunan ya bi shi ya fi shekara.

Abin dariyar shi ne a wasu ƙasashen launin ne abin so. Lokacin da 300D ta fito a 2003, a Amurka mai ruwan azurfa kaɗai aka fara sayarwa, Japan ce ta sami baƙa, sai daga baya baƙar ta isa sauran wurare. Pentax K-x ta 2009, a Japan mutum na iya zaɓa cikin haɗin launi 100, a waje kuwa 'yan kaɗan aka kai. 1100D ɗin da aka sayar wa yarona ma an yi ta ja, an yi ruwan ƙasa, an yi ruwan toka. Masu shigo mana da kaya sun san halinmu, baƙaƙen suke tsincewa, in mai launi ta ɓato cikin kaya sai ta kwana a gilashi har a karya kuɗinta. Ga mai wayo, nan arha take.

Kuma mu da rana ke gasawa a watan Maris da Afrilu, mu ya kamata mu fi kowa ƙaunar fara. Ka tsaya da baƙar kyamara a Dandalin Murtala daga hantsi zuwa azahar ka ji yadda take ɗaukar zafi kamar dutsen guga. Manyan lensunan Canon da ake gani a bakin filin ƙwallo, ai saboda zafin rana aka yi musu farin fenti. To ka ga ikon Allah: farin lensi a wurinmu alamar mai kuɗi ne, farar kyamara kuma abin wasan yara. Zan dai yi adalci a nan, fara ba ta jure mana. Ƙurar hunturu da jar ƙasa da hannun da ya taɓa miya a wajen walima, wata uku sun isa su mayar da ita ruwan goro.

Launin da na fi so a dame mu da shi shi ne na cikin hoton. Duk mai hoto a Arewa ya san wahalar ango baƙi cikin farar shadda. Ma'aunin hasken kyamara yana ganin farin ya yi yawa sai ya rage haske, shadda ta fito da aikinta tsaf, fuska kuwa ta nutse, sai haƙora da idanu. Maganinsa a hannunka yake, ka ƙara haske da kanka ko ka sa filasha ko da rana ce, kuma wannan ba ruwansa da Rebel ko Kiss. A zamanin fim har da tarihi a ciki. Katin gwajin da Kodak ke raba wa masu wankin hoto tun shekarun 1950, wanda ake kira Shirley, hoton Baturiya ne, da fatarta ake daidaita injin. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da mai mata uku har da baƙar fata. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, yana cikin abin da ya ci kasuwar Afirka da shi cewa ya zauna ya gyara kyamarar wayoyinsa don ta fitar da baƙar fuska. Irin wannan bambancin kasuwa shi nake maraba da shi, don an taɓa cikin na'urar saboda mu. Ko da yake, in faɗi gaskiya, rabin amaren da nake ɗauka yanzu roƙona suke in haska su a kwamfuta har dangin ango su kasa gane su. Wannan wasiƙa ce ta wata rana.

Roƙona ga masu sayar da kyamara, daga na kan titin Ahmadu Bello har masu tallatawa a Facebook da WhatsApp, su riƙa rubuta sunaye biyu a jikin kaya, na Amurka ko na Japan da kuma mai D. Ƙungiyoyinmu na masu hoto ma za su iya buga jerin a takarda guda a manna a shaguna, ba zai ci kuɗin buhun ruwa biyar ba. Matasa kuma su daina cinikin biri a sama. Ka riƙe ta a hannu, ka ɗauki hoto ɗaya, ka buɗe bayanansa a kwamfuta. Sunan kyamarar na gaskiya yana rubuce a cikin kowane hoton da ta ɗauka, ko da an ɓamɓare tambarin goshi an manna wani.

Ranar Asabar ɗin muka koma shagon ni da yaron. Na tafi da shirin faɗa, sai na tarar da saurayi ne da bai wuce sa'ar ɗana ba. Da na jera masa bayanin ya yi shiru, ya ce, "Wallahi Baba, ni ma a 600D aka haɗo mini ita." Na yarda da shi, don na ga yadda gumi ya karyo masa. Ya ce kuɗin ya riga ya shiga wani kaya, sai dai mu duba abin da ke shagon. Ina cikin dubawa na hango wata a can ƙasan gilashi, ƙura ta rufe ta. Ya ce wata bakwai ke nan tana wurin, duk wanda ya karanta sunan sai ya ajiye. Kiss X5. Na kifa ta, ga DS126311. Allo yana juyawa, ramin makirufo yana nan, muka jona ta da kwamfutata muka ga ba ta yi wani aikin kirki ba a hannun mai ita na farko. Ɗan abin da ya nema a ƙara bai taka kara ya karya ba, na cika wa yaron daga aljihuna, bashi ne kuma na gaya masa.

Aikin farko da ya samu da ita walimar saukar Alƙur'ani ce a wata Islamiyya a Badarawa. Da daddare na same shi a shago da baƙin salatif na masu gyaran wuta, yana yanka ɗan ƙarami yana rufe sunan. Ya ce ba zai tsaya gaban malamai da wannan kalma a ƙirjinsa ba. Ban hana shi ba. T3 ɗin kuwa ta koma gilashinta, na bi ta wajen shekaranjiya na ga an manna mata 'yar takarda da biro: 1100D.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai ɗaukar hoto,
Tudun Wada, Kaduna.